Sharhi: Jinin raƙumi da maganin alerji, ina Nijar ta tsaya?

A ranar 16 ga watan Fabrairu na shekarar 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da allurar Xolair a matsayin maganin da ke rage hatsarin alerjin abinci ga manya da yara daga shekara ɗaya zuwa sama. Wannan ne karon farko da aka ba wani magani izinin kare mutum daga alerjin abinci iri-iri a lokaci guda. Tun daga nan kamfanoni da jami'o'i suka ƙara ƙaimi wajen neman abin da zai fi Xolair sauri, ya fi ta sauƙin sarrafawa, ya kuma fi ta araha. Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka fi sa wa ido ita ce ta wasu ƙananan ƙwayoyin garkuwa da ake kira nanobodi, waɗanda asalinsu daga jinin raƙumi aka gano su.

Ga ƙasa irin Nijar, mai raƙuma sama da miliyan ɗaya da rabi, labarin yana da daɗin ji. Sai dai kafin a yi murna akwai tambayoyin da ya kamata a amsa: mene ne ainihin abin da aka gano, ina aikin ya kai, kuma wane ɓangare nasa ne zai iya amfanar mai asma a Maraɗi ko yaron da jikinsa ke kumbura a Tawa?

Yadda alerji ke kama jiki

Alerji kuskure ne na garkuwar jiki. Jiki yana ɗaukar abin da ba ya cutarwa, kamar gyaɗa, ƙwai, kifi, madara, garin fure ko dafin zuma, tamkar abokin gaba. Daga nan sai ya ƙera wani nau'in ƙwayar garkuwa mai suna IgE, wadda masu bincike a Amurka da Suwidin suka gano tsakanin 1966 da 1967. Ƙwayoyin IgE suna zuwa su lafe a jikin wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin fata, hanci, huhu da hanji, waɗanda ke ɗauke da sinadarin histamin. Ranar da mutum ya sake haɗuwa da abin da jikinsa ya ƙi, IgE ta cafke shi, ƙwayoyin nan su zubar da abin da ke cikinsu a cikin ƴan mintoci.

Abin da ke biyo baya sananne ne a kowane gida: atishawa ba ƙaƙƙautawa, idanu su yi ja, ƙaiƙayi, borin jini, ko ƙirji ya riƙe har numfashi ya riƙa fito. Mafi muni shi ne wanda likitoci ke kira anafilaksi, inda maƙogwaro ke kumbura, jini ya faɗi, mutum ya iya rasa ransa cikin ƙasa da awa guda idan ba a yi masa allurar adirenalin ba.

Magungunan da aka saba da su, irin su ƙwayoyin da ke tare histamin da magungunan shaƙa, suna kashe wutar ne bayan ta kama ko su rage ƙarfinta. Xolair, wadda aka fara amfani da ita ga masu asma a Amurka tun 2003, tana kama IgE ɗin da ke yawo cikin jini kafin ta lafe. A gwajin da aka dogara da shi wajen ba ta izini a 2024, kashi 67 cikin 100 na yaran da aka yi wa allurar sun iya cin miligiram 600 na furotin ɗin gyaɗa, kwatankwacin ƙwayar gyaɗa biyu da rabi, ba tare da mummunar illa ba. A cikin waɗanda aka yi wa allurar da ba ta ɗauke da magani, kashi 7 ne kawai suka iya. Allurar ba ta warkar da cutar, kuma dole mutum ya ci gaba da guje wa abincin. Abin da take yi shi ne kare shi idan ya ci bisa kuskure.

Abin da aka gano a jinin raƙumi

A 1989, a wata jami'a da ke birnin Burusel na ƙasar Beljiyam, ɗaliban farfesa Raymond Hamers suna aikin gwaji da ruwan jinin raƙumi da aka adana don binciken cutar sammore. Sai suka ga wasu ƙwayoyin garkuwa da ba su yi kama da na mutum ko na saniya ba. Ƙwayar garkuwa ta mutum tana da sarƙa huɗu, manya biyu da ƙanana biyu. Raƙumi yana da irin wannan, amma yana da wata kuma mai manyan sarƙoƙi biyu kawai. An wallafa binciken a mujallar Nature a 1993, aka kuma tabbatar cewa dangin raƙumi na Kudancin Amurka, wato lama da alfaka, su ma haka suke.

Muhimmancin abin shi ne, ɗan bakin da ke cafke abokin gaba a wannan ƙwaya yana iya aiki shi kaɗai idan aka raba shi da sauran jikin. Shi ne nanobodi. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin goma ne na cikakkiyar ƙwayar garkuwa. Ƙanƙantarsa na ba shi damar shiga lungunan da manyan ba sa iya kaiwa, yana jure zafi fiye da su, ana iya haɗa biyu ko uku a jere su yi aiki daban-daban, kuma ana iya sa bakteriya ko yis su ƙera shi a cikin manyan tankuna, alhali manyan ƙwayoyin garkuwa sai an rene su a ƙwayoyin halittar dabbobi, aikin da ke cin kuɗi mai yawa.

Samun sa ba ya buƙatar yanka dabba. Ana yi wa raƙumi ko lama allurar ɗan abin da ake son a yaƙa sau da yawa cikin ƴan makonni, a ɗebi jini kaɗan, a ciro bayanan gado daga fararen ƙwayoyin jinin, a tace wanda ya fi iya cafka, sannan a riƙa ƙera shi a ɗakin gwaji har abada ba tare da an koma ga dabbar ba.

Kasuwa ta riga ta nuna darajar abin. Kamfanin Ablynx da aka kafa a birnin Gent a 2001 don cin moriyar binciken, kamfanin Sanofi na Faransa ya saye shi a 2018 a kan yuro biliyan 3.9, sama da sefa biliyan 2,500 ke nan, adadin da ya kusa kai kasafin kuɗin Nijar na shekarar 2024. A 2018 ɗin ne Tarayyar Turai ta amince da maganin farko na wannan iri, Cablivi, na wata cutar daskarewar jini da ba kasafai ake samunta ba. Ƙasar Sin ta amince da wani na sankara a 2021, Japan kuma da wani na ciwon gaɓoɓi a 2022. Kawo yanzu babu ko ɗaya da aka ba izini don maganin alerji.

Hanyoyi uku da ake gwadawa

Hanya ta farko ita ce a ƙwace IgE daga inda ta lafe. A 2018 tawagar Edzard Spillner ta jami'ar Aarhus a Denmak, tare da abokan aikinsu na Jamus, sun nuna yadda wani nanobodi mai lamba 026 ke lanƙwasa IgE har ta kasa riƙe mazauninta. Bambancinsa da Xolair shi ne yana ɓamɓare wadda ta riga ta lafe, ba mai yawo cikin jini kawai ba. Da aka gwada shi a kan ƙwayoyin jinin masu alerjin garin fure da na dafin ƙwari, cikin ƴan mintoci ƙwayoyin suka rage tashi. A cikin kwalbar gwaji aka ga hakan, ba a jikin majiyyaci ba.

Hanya ta biyu ita ce a tare abin da ke jawo alerjin kafin ya kai ga IgE. Tawagar Sabine Flicker ta jami'ar koyon likitanci ta Viyana, da haɗin gwiwar masu bincike na Mosko, sun yi wa raƙumi allurar furotin Bet v 1, wanda ke cikin garin furen wata bishiyar ƙasashen sanyi da Faransawa ke kira bouleau, suka samu nanobodin da ke rufe shi. Burin shi ne wata rana a yi maganin fesawa a hanci ko ɗigawa a ido a lokacin da bishiyar ke fure.

Hanya ta uku ita ce a katse saƙonnin da ke rura kumburi a cikin huhu. Nan ne aikin ya fi nisa. Sanofi yana gwada lunsekimig, jerin nanobodi da ke tare ƴan aike biyu na kumburi, IL-13 da TSLP, a jikin masu asma, kuma gwajin ya kai mataki na biyu. A Sin ma ana gwada wani wanda ake shaƙa kai tsaye zuwa huhu.

Da sauran rina a kaba. Ƙanƙantar da ake yabo ita ce kuma matsalar: ƙoda tana tace nanobodi ta fitar da shi cikin fitsari a ƴan awoyi. Dole a ɗaura masa wani ɓangare da zai riƙe furotin ɗin albumin na jini don ya daɗe, kamar yadda aka yi wa maganin Japan da ake yin allurarsa sau ɗaya a mako huɗu. Sannan nasara a ɗakin gwaji ba ta tabbatar da nasara a asibiti. Ablynx ya taɓa ƙera wani nanobodi na shaƙa don cutar numfashi ta jarirai da ƙwayar RSV ke jawowa. Ya rage yawan ƙwayar cutar a hanci, amma yaran da ke kwance ba su warke da sauri fiye da sauran ba, aka dakatar da shi.

Gano cutar, inda amfanin ya fi kusa

Ɓangaren da ba a cika yayatawa ba shi ne na gwaji. Masu bincike sun ƙera nanobodin da ke gano ɓurɓushin furotin ɗin gyaɗa da na madarar shanu a cikin abincin da aka sarrafa, abin da masana'antu ke buƙata kafin su rubuta a jikin kwali cewa babu gyaɗa a ciki. A Aarhus kuma an yi amfani da shi wajen ƙera IgE ta roba mai gane dafin zuma, don a riƙa auna ingancin na'urorin gwajin jini da ma'auni ɗaya. Kayan gwaji ba sa shiga jikin mutum, saboda haka hanyar samun izininsu ta fi ta magani gajarta da araha. Idan sinadarin da ke cikinsu yana jure zafi, ana iya tunanin ɗan gwajin gaggawa irin na zazzaɓin cizon sauro da kowace cibiyar lafiya ta karkara ta saba da shi.

Akwai dalilin da ya sa wannan ya shafi yankinmu kai tsaye. A wani bincike da aka wallafa a 2013 kan ƴan makaranta kusan 1,600 a ƙasar Gana, gwajin jini ya nuna kashi 17.5 cikin 100 suna da IgE mai kama gyaɗa. Amma kashi 2 ne kawai gwajin fata ya nuna, kuma kashi 1.5 ne suka ce gyaɗa ta taɓa yi musu illa. Masu binciken sun danganta wannan rata da cutar tsargiya: tsutsar tana ɗauke da wasu sinadaran sukari masu kama da na tsirrai, jiki ya ƙera musu IgE, na'ura kuma ta karanta shi a matsayin alerjin gyaɗa. Tsargiya tana nan a kwarin kogin Isa da wuraren noman rani da tabkuna a Nijar. Ma'ana, na'urar da aka auna da jinin ƴan Turai tana iya sa likita ya hana yaro gyaɗa ba gaira ba dalili.

A Nijar wannan kuskure ba ƙarami ba ne. Gyaɗa na cikin ƙuli-ƙuli, miya, kunu da mai, kuma da ita ake yin abincin nan na Plumpy'Nut da ake ceto yara masu tamowa da shi, wanda kamfanin STA ke sarrafawa a Yamai. Bugu da ƙari, binciken LEAP da aka yi a Ingila aka wallafa a 2015 ya nuna cewa ba jarirai gyaɗa da wuri yana rage hatsarin kamuwa da alerjinta da kusan kashi 80 cikin 100. Gwajin da zai bambance alerji na gaske da inuwar tsutsa ya fi mana amfani fiye da wanda ke gano furen bishiyar da ba ta tsirowa a Sahel.

Haka batun yake ga iska. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, da hayaƙin itacen girki, suna tayar da asma ta hanyar ƙona hanyoyin numfashi, ba lallai ta hanyar IgE ba, don haka maganin da ke tare IgE ba zai magance su ba. Ƙananan ƙwarin ƙurar ɗaki, kyankyaso, fumfuna da garin fure su ne ke bi ta IgE. Bishiyar prosopis da ta mamaye wasu sassan jihar Difa, an tabbatar garin furenta na jawo alerji a ƙasashen Larabawa na Gabas ta Tsakiya da Indiya. Sai an tantance wanne ne ke damun wa kafin a san maganin da ya dace.

Farashi da firiji

Ana yawan cewa nanobodi zai yi araha tunda ƙera shi ba shi da tsada. Tarihin kasuwar magani bai goyi bayan wannan fata ba. Lokacin da Cablivi ya shiga kasuwar Amurka a 2019, kamfanin ya sanya dala 270,000 a matsayin kuɗin jinyar tashin cutar sau ɗaya. Kuɗin bincike, haƙƙin mallaka da abin da kasuwa za ta iya biya su ne ke yanke farashi. Kuma duk da juriyar zafin da ake magana, a firiji ake ajiye shi.

Xolair kuwa, farashin da aka bayyana a Amurka a 2024 ya kama daga kimanin dala 2,900 a wata ga yara zuwa 5,000 ga manya. Mafi ƙanƙantar adadin ya haura sefa miliyan ɗaya da rabi. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun watan Janairun 2024, wato allurar wata guda ta fi albashin shekara uku. Kwaikwayonta mai suna Omlyclo na kamfanin Celltrion na Koriya ta Kudu ya samu izini a Turai a 2024, abin da zai sauke farashin, amma ba zuwa inda talaka zai kai ba. Ga kuma buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke kai digiri 45, wadda kuma ta ɗanɗana rashin wuta lokacin da Najeriya ta katse layin lantarki bayan juyin mulkin Yulin 2023.

Abin da ke kashe mutane yau

Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke da asma a 2019, ta kuma kashe 455,000, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Wani bincike da aka wallafa a 2024 kan ɗalibai kimanin 27,000 a biranen Legas, Kumasi, Kampala, Harare, Blantyre da Durban ya gano kusan kashi 12 cikin 100 suna da alamun asma, kuma huɗu cikin biyar daga cikinsu babu likitan da ya taɓa gaya musu sunan cutarsu.

Waɗannan yara ba sa jiran nanobodi. Salbutamol na shaƙa, budesonid da allurar adirenalin tsofaffin magunguna ne masu araha, suna cikin jerin magungunan dole na hukumar lafiya ta duniya. Rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati da hukumomin Nijar suka fara aiwatarwa a ranar 1 ga Satumban 2024 ya sauƙaƙa zuwa ganin likita, amma amfaninsa ga mai asma ya dogara da ko zai tarar da maganin shaƙa a farmasi, da ma'aikacin da zai nuna masa yadda ake amfani da shi. Ga wanda zuma ta harba maƙogwaronsa ya fara rufewa, abin da ke raba rai da mutuwa shi ne kwalbar adirenalin a cibiyar lafiya mafi kusa da ma'aikacin da ya san a cinya ake yin ta ba tare da jinkiri ba.

Ya kamata kuma a yi hattara da masu tallar da za su fake da wannan labari. Shan nonon raƙumi ko fitsarinsa ba ya kai nanobodin alerji cikin jini, domin raƙumin da ba a yi wa allurar abin ba bai ƙera irin wanda ake nufi ba, kuma ciki yana narkar da furotin. Ɗanyen nono na iya ɗauke da cutar burusela, hukumar lafiya ta duniya ma ta yi gargaɗi a kansa saboda cutar numfashi ta MERS.

Raƙumi namu, ilimin na wa?

Yawan raƙuma kaɗai ba zai ba Nijar kaso a wannan kasuwa ba. Dabba ɗaya ko biyu sun isa aikin bincike guda, yawancin ɗakunan gwaji na Turai da lama da alfaka suke aiki, wasu ma sun koma ƙera nanobodi ba tare da dabba ba sam. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 kan raba moriyar albarkatun halitta tana ba ƙasashe madafa, amma abin da ke da daraja a nan shi ne ɗakin gwaji da ƙwararrun da ke cikinsa.

Tunisiya ta nuna cewa ƙasar Afirka na iya shiga. Cibiyar Pasteur ta birnin Tunis, tare da jami'ar Burusel, ta yi amfani da raƙuman ƙasar wajen ƙera nanobodin da ya kare ɓeraye daga dafin wata muguwar kunama ta hamada. Ta zaɓi matsalar da ke damun mutanenta ne, matsalar da mazauna Agadas ma suka sani sarai.

Nijar tana da tubalan farawa: cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke cikin ƙawancen cibiyoyin Pasteur, ɗakin gwajin dabbobi na LABOCEL da ke ƙera alluran rigakafin dabbobi, da sassan koyon likitanci a jami'o'in Yamai, Maraɗi da Damagaram. Matakin da ya fi dacewa da ƙarfinsu shi ne ƙidaya: a yi gwajin fata da na jini a asibitocin jihohi, a haɗa da gwajin tsargiya, a fitar da jerin abubuwan da ke jawo alerji a kowane yanki da kowane lokaci na shekara. Da wannan jeri a hannu ne masu bincikenmu za su iya zama da abokan hulɗa na Tunis, Burusel ko Viyana su ce ga abin da muke son a ƙera wa gwaji. Idan babu shi, duk maganin da ya fito daga jinin raƙumi nan da shekara goma zai zo ne an auna shi da ciwon wasu, da aljihun wasu.